Nomau da Gyadar Gida

An yi wani bawan Allah can baya, a wani garin manoma gyada da ba sai na kama sunansa ba. Nomau ake ce masa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya riƙe da sarautar komai. Gona ɗaya gare shi, da jaki, da matarsa Tabawa, da 'ya'yansu. In ka shiga masallaci neman sa, sahun baya za ka duba, wajen takalma.

Amma Allah ya yi wa mutumin nan halaye biyu, ku riƙe su da kyau.

Na farko, tambaya. Nomau ba ya ganin abu ya wuce. Zai tsuguna a gona yana kallon gyada, ya ce, "Ikon Allah. Ta yi fure a sama, sannan ta sunkuya ta binne 'ya'yanta a ƙasa. Wa ya gaya mata ta yi haka?" In an kai rediyo gyara, yana tsaye a kan mai gyaran yana so a nuna masa ta inda muryar ke shiga. Har mutane suka gaji, in sun hango shi sai su ce, "Ga mai tambaya nan, kowa ya kama aikinsa."

Na biyu, ba ya ha'inci a ciniki. In kaka ta yi aka ɓare gyada, sai ya shimfiɗa tabarma, shi da Tabawa su zauna su tsince ta tas. Mai kyau, cikakkiya, a zuba a buhu, wannan ita ce ta kasuwa. Wadda ta yanƙwane, wadda ta yi baƙi, wadda funfuna ta hau, a zuba a masaki, wannan ita ce ta gida. Da ita ake kunu, da ita ake miya, ita yara ke soyawa. Cewa yake yi, "Wanda ya ba ni kuɗinsa mai kyau, ba zan ba shi gyada marar kyau ba. Mu dai cikinmu ne, za mu lallaɓa."

To, ku saurara.

Nomau yana da ƙane, Arzika, gidansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya. Ƙaƙƙarfan mutum, shi kaɗai yake ɗora wa jaki buhu. Wata shekara sai ya fara cewa gefen cikinsa na dama yana masa nauyi. Abinci ya fita ransa. Idanu suka yi rawaya. Jiki yana ramewa, ciki yana kumbura. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu, daga baya aka kai shi asibitin birni, likita ya ce ciwon daji ne ya kama hanta, kuma an zo a makare. Kafin a cire gyadar da ya shuka da hannunsa, an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙan musulmi.

A zaman makoki kowa da abin da yake faɗi. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce jifa ne. Wani dattijo ya ce, "Ajali ne, a bar zancen."

Nomau ya ce, "Baba, na yarda ajali ne, ban yi musu ba. Amma ta wace ƙofa ya shigo? Bara Arzika lafiyarsa lau. A garin nan ba shi ne na farko ba, kowa ya san waɗanda suka tafi da irin cikin nan. Ni dai ina so in san ƙofar."

Aka ce baƙin ciki ne ke sa shi magana.

Ba a daɗe ba sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan mai gari. Ma'aikatan lafiya ne daga birni, shugabansu wani mutum mai baƙin gemu, Malam Yusha'u. Aka tara jama'a, ya miƙe ya ce sun lura ciwon dajin hanta ya yi yawa a wannan yanki, kuma suna so su gano dalili. Suna neman mutanen da za su yarda, duk shekara bayan kaka a zo a duba su, a ɗebi jini kaɗan, a tambaye su yadda suke rayuwa. Ya ce, "Ba tilas. Wanda ya shiga ya ga ba ya so, ya fita, babu mai riƙe shi. Kuma in gaya muku gaskiya tun yau, ba magani muka kawo ba. Aikin nan zai ɗauki shekaru masu yawa."

Wani ya ce, "To marasa lafiya za mu kawo muku?"

Ya ce, "A'a. Masu lafiya muke so."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Nomau kuwa har ya matso gaba. Ya ce, "Malam, gafarta. Likita da mai lafiya, me ya haɗa su?"

Malam Yusha'u ya ce, "In an kawo mana mutum ciki ya riga ya kumbura, ƙarshen labari muke gani. Mu farkonsa muke nema. In muka bi mutane da yawa tun suna lafiya, shekara da shekaru, wasu Allah zai jarrabe su da ciwon, wasu ba zai same su ba. Sai mu waiwaya mu ga me ya bambanta waɗannan da waɗancan."

Nomau ya jujjuya maganar. Can ya ce, "Kamar mutum ya shuka gona biyu ke nan, ya zuba ido ya ga wadda tsutsa za ta ci."

"Kusan haka."

"To jinin da kuka ɗiba, ina za ku kai shi?"

"Akwai ɗakin sanyi da muke ajiyewa, ba ya lalacewa."

"Jini ya shekara bai lalace ba?" Nomau ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Fara da ni."

Jama'a, kun san halinmu. Kafin motar ta bar gari, magana ta zaga cewa jinin sayar da shi ake yi, wasu suka ce tsafi ake yi da shi. Duk da haka mutane da dama suka shiga, don suna zaton in an jima za a raba wani abu. Shekara ta zagayo, ba a raba komai ba. Wata ta zagayo, ba a raba komai ba. Sai aka fara zamewa. In an ji ƙarar motar, wannan ya tuna yana da aiki a fadama, wancan ya aiko a ce ba ya nan.

Nomau kuwa tun da hantsi yana gindin bishiyar da suke sauka, ya yi wanka ya sa rigarsa ta Juma'a. A ɗebi jini, a danna masa ciki, a yi masa tambayoyi, sannan shi ma ya buɗe nasa. Me ya sa jinin hannu baƙi-baƙi ne amma na yanka ja ne? Hanta aikin me take yi a ciki? Daga ƙarshe kullum sai ya ce, "To, kun gano?"

Malam Yusha'u ya ce, "Ba mu gano ba tukuna, Malam Nomau."

Ya koma gida, Tabawa ta ce, "Malam, yini guda ka bar sussuka saboda mutanen da ba su san komai ba. Kullum ba su gano ba, ba su gano ba."

Ya ce, "Ai abin da ya sa na yarda da su ke nan. Duk wanda na tambaya a garin nan me ya kashe Arzika, nan take yake ba ni amsa. Su kaɗai ne suka ce ba su sani ba, kuma suka ci gaba da nema."

Ku saurara, ga inda jarrabawa ta fara.

Wata shekara suka zo da sabuwar tambaya. Suna so su san abin da kowane gida ke ci, har su ga hatsin da gyadar da ido, su ɗebi kaɗan. To wa zai yarda baƙo daga birni ya ga talaucinsa? Kowa ya shiga ɗaki ya ɗebo mafi kyawun abin da yake da shi, ya ce, "Wannan muke ci." Tabawa ma ta cika faifai da gyadar kasuwa, ta tura masakin nan bayan rumbu ta rufe da tsumma.

Nomau ya dubi faifan, ya dubi matarsa. Ya ce a hankali, "Tabawa, wannan muke ci?"

Ta ce, "Malam, ka rufa mana asiri. A ce gidan manomin gyada ruɓaɓɓiya ake ci?"

Ya ce, "Mutanen nan sun yi shekaru suna bin sawu. In na ba su ƙarya, na karkatar da su daga hanya, kuma ba za su taɓa sanin ni na yi ba. Su yi ta wahala a banza da jinina a hannunsu. Kunyar yini ɗaya ce, za mu iya ɗaukarta."

Ya je da kansa ya jawo masakin ya kai zaure, maƙwabta suna leƙe. Malam Yusha'u ya sa hannu ya ɗebo, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Tun yaushe kuke cin irin wannan?"

"Tun ina yaro. Kuma ba gidana kaɗai ba, kowa ya san haka ake yi, kunya ce ta hana su faɗa."

Maƙwabta ba su ji daɗin maganar nan ba. Amma da ya fasa, sai wata tsohuwa ta ce ita ma a zo a ga nata. Daga nan wasu gidaje suka fito da na gaskiya.

Aka ɗauki lokaci. Gemun Malam Yusha'u ya fara furfura. Wata shekara, damina ta yi tsawo, ruwa ya doki gyada tana shanye a ƙasa, kusan kowa rabin amfaninsa ya yi funfuna. A wannan shekarar ne Malam Yusha'u ya zo, bai tsaya gindin bishiya ba, ya wuce zauren Nomau ya yi sallama.

Nomau ya ce, "Kun gano?"

Ya ce, "Mun gano wani abu. Zauna."

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Funfunar nan da ke hawa gyada da masara in ba su bushe da kyau ba, akwai irin da ke fitar da guba. Ba ta kashe mutum yau ko gobe, a hankali take cin hanta. In kuma ta tarar da mutum yana ɗauke da wata ƙwayar cutar hanta da mutane da yawa ke yawo da ita ba su sani ba, haɗarin ya ninku. Ya ce, "A wasu ƙasashe an riga an ga haka. Yanzu mun ga alamarta a jinin mutanen nan, kuma ta fi yawa a gidajen da ke cin gyada marar kyau da aka tsince aka ware."

Mutumin da bakinsa ba ya rabuwa da tambaya, yau ya rasa ta yi. Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Ashe da hannuna nake zuba wa Arzika. Na kare mutanen kasuwa, na ba wa ɗan'uwana da 'ya'yana."

Malam Yusha'u ya ce, "Babu mai iya rantsuwa cewa ita ce ta kashe Arzika. Kuma ba ka sani ba. Mu da muka yi karatun ma, sai da ka buɗe mana masakinka muka tabbatar a nan."

Nomau ya share fuska da gefen riga. Jama'a, ku ji abin da ya biyo baya. Bai ce kaito ya kwanta ba. Tambayar ce ta dawo.

"In an wanke ta?"

"Ba ta fita."

"In an soya? Wuta fa?"

"Wutar girki ba ta kashe ta."

"To a ba wa akuya."

"Tana iya biyowa ta nono."

"Ke nan ba ta da wurin zuwa sai rami."

"Sai rami. Kuma a daina shanya a ƙasa, a bar ta ta bushe sarai kafin a zuba a buhu."

To a garin akwai wani Alhaji Mamuda mai injin matsar mai, shi ke sayen gyadar kowa. Da ya ga yadda shekarar ta kasance, sai ya aika a gaya wa manoma su kawo har marar kyau, zai saya da rahusa. Ya zo gidan Nomau da kansa, don ya san marar kyau da ya ware ta fi ta kowa yawa.

Ya ce, "Nomau, na ji rumbunka bai cika ba bana. Kawo wadda ka ware, in matse mai, abin da ya saura kuma, mata su yi ƙuli-ƙuli da shi. In ta bi ta inji wa zai gane?"

Nomau ya ce, "Alhaji, ƙuli-ƙulin nan wa zai ci?"

"Wanda ya saya mana."

"Yaran makaranta ne ke saye. Da ban sani ba, Allah ba zai kama ni ba. Yanzu na sani."

Alhaji ya ce, "Kai da likitocinka. Iyayenmu sun ci, kakanninmu sun ci. In ka ƙi sayar mini da wannan, mai kyaun ma ka nemi wani."

Nomau ya ce, "Allah ya ba mu mafita, Alhaji."

Da Alhaji ya fita, Tabawa ta fito daga bayan zana. Ta ce, "Malam, gero ba zai kai mu bazara ba. Ba za mu ci ba, ba za mu sayar ba, ba za mu ba dabba ba. Da me za mu riƙe yaran nan?"

Ya ce, "Ban sani ba, Tabawa. Amma ki dubi Haladu." Haladu babban ɗansu ne, ya fara zama saurayi. "Ki tuna cikin Arzika. In kin ce in zuba masa, faɗi."

Ta tsaya, ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta naɗa gammo, ta ce, "Ɗora mini." Ita ta kai masakin farko bayan gari, shi yana biye da fartanya. Suka haƙa rami suka binne abincinsu da hannunsu, mutane suna tsaye suna cewa Nomau ya taɓu.

Kada ku zaci washegari sama ta buɗe arziki ya zubo. A'a. Shekarar ta yi musu zafi. Ya sayar da jakin. Da furfurarsa ya riƙa zuwa ƙodago gonakin yaran da aka haifa a gabansa. Gyadarsa mai kyau a ka ya riƙa ɗauka zuwa kasuwar wani gari. Amma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin funfuna, har ya ɗora tabarma a kan gadon kara a ƙofar gidansa yana shanya gyada a sama, don mai wucewa ya tambaya. Kuma aka riƙa tambaya. Mata suka fara, domin su ke tsinta, su ke girki. Tabawa ta zama ita ke bi gida-gida. Bayan wasu shekaru, masu sayen ƙuli-ƙuli da kansu suka riƙa tambayar da wace gyada aka yi, har Alhaji Mamuda ya ga ba shi da zaɓi, ya sa a riƙa tsincewa kafin a zuba a inji.

Nomau ya ci gaba da zuwa gindin bishiyar nan duk shekara, har ya tsufa. Ya kai iyalinsa aka gwada su, jikokinsa aka yi musu rigakafin cutar hanta tun suna jarirai. Sai wata shekara, shi ma ya ji nauyi a gefen dama.

Aka kai shi birni, aka yi abin da za a iya, aka dawo da shi gida. Da kaka ta yi, Malam Yusha'u, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, ya zo gaishe shi. Ya bar jakar aikinsa a mota, don kunya ta hana shi shigowa da ita.

Nomau yana kwance, Haladu na tallafe da shi. Nomau ya ce, "Ina allurar?"

Malam Yusha'u ya ce, "Baba, bana a bar shi. Mun ɗebi jininka shekara da shekaru, ga shi ba mu iya yi maka komai ba."

Nomau ya ce, "Tun ranar farko ka ce ba magani kuka kawo ba, ban manta ba. Amma gaya mini. Jinina na lokacin da nake lafiya yana nan a ɗakin sanyin?"

"Yana nan, duka."

"To in ka haɗa da na yau, ka jera su, ba za ka iya ganin shekarar da abin ya fara motsi ba, tun kafin in ji ciwo?"

Malam Yusha'u ya ce, "Abin da muke fata ke nan. In mun gane alamar, wani za a kama nasa da wuri."

"To ai na bana ya fi duk na baya amfani. Je ka ɗauko."

Malam Yusha'u ya tafi mota yana share ido. Da jinin ya fara shiga kwalba, Nomau ya ɗaga kai yana kallo kamar yau ya fara gani. Ya ce, "Da ma in ga abin da za ku gani a ciki. Haladu, in sun zo baɗi ka je a madadina. Ka tambaye su, kada ka ji kunya."

Bai ga wata kakar ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Haladu ya je, kuma bai je shi kaɗai ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Neman sanin dalilin cuta ba jayayya da ƙaddara ba ne. Wanda ya rubuta ajali shi ya halicci sababi, kuma shi ya ba ka hankalin nema. Sannan sadaka ba sai abin da ke aljihu ba. Mutumin nan ba shi da abin gina masallaci, ba shi da abin haƙa rijiya. Abin da yake da shi ɗan jini ne, da haƙurin dawowa duk shekara, da gaskiya in an tambaye shi. Ya bayar, yana sane ba shi zai mora ba. Akwai mutanen da za su tsufa su ga jikokinsu saboda irinsa, ba su san sunansa ba, amma Allah ya sani.

Ku kuma, in ma'aikatan lafiya sun zo muku da irin wannan aiki, ban ce ku miƙa hannu ido rufe ba. Ku tambaya. Su wane ne, ina za a kai, me za a yi da shi, wa ya ba su izini. Haƙƙinku ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. In ranku bai kwanta ba, ku ce a'a. Amma in kun ce e, to ya zama alkawari. Kada ka shiga bana ka ɓuya baɗi. Kada a tambaye ka abin da kake ci, ko abin da kake sha a ɓoye, ka ba da amsar da za ta gyara maka suna ta ɓata wa al'umma magani. Kuma abin da ka san zai cutar da ɗanka, kada ka auna wa ɗan wani a mudu.

Yau in kun koma gida, kafin ku zauna, ku leƙa bayan rumbu ku ga me aka ware wa yaranku. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu zama sanadin lafiyar waɗanda ba za mu taɓa gani ba.